Minti Goma Sha Biyar a New Orleans: Yadda Muryar Little Richard Ta Shiga Faifai



An nemi in yi magana a kan tarihin ɗaukar waƙa a faifai. Na duba na ga idan na ce sai na zagaye tarihin nan kaf, za mu tashi ba mu riƙe komai ba. Don haka na tsakuro kwana biyu kacal, 13 da 14 ga Satumba 1955, a wani ɗan ɗaki da ke birnin New Orleans na Amurka. A nan ne wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 22, Richard Wayne Penniman, wanda duniya ta sani da Little Richard, ya ɗauki waƙar "Tutti Frutti". Masu tarihin kiɗan rok an rol har gobe suna gardama a kan wane faifai ne na fari, amma da wuya mutum ya lissafa biyar na farko bai sa wannan a ciki ba.

Abin da ya ja hankalina ga labarin shi ne, kafin ranar nan yaron ya shekara huɗu yana shiga sutudiyo. Kamfani biyu sun ɗauke shi, ɗaya daga cikinsu ma RCA Victor ne, wanda a lokacin yana cikin mafiya girma. Maƙogwaron bai canza ba, huhun bai canza ba, amma faya-fayan nan babu wanda ya yi kasuwar a zo a gani. To ina muryar take ɓoye duk waɗannan shekaru?

An haife shi ranar 5 ga Disamba 1932 a garin Macon na jihar Jojiya, shi ne na uku cikin 'ya'ya goma sha biyu. Mahaifinsa Charles Penniman magini ne kuma dattijon coci, sannan yana sayar da giyar da ake dafawa a ɓoye, yana da gidan rawa nasa na kansa. Ƙafar Richard ɗaya ta fi ɗaya gajarta, tafiyarsa ta jawo masa tsokana tun yana ƙarami. A coci ya koyi waƙa, kuma cocin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne irin wanda ake tafi da rawa da ihu har mutum ya fita hayyacinsa. A 1947, yana ɗan shekara goma sha huɗu yana tallar lemon kwalba a babban ɗakin taro na Macon, shahararriyar mawaƙiyar coci Sister Rosetta Tharpe ta ji shi yana rera waƙoƙinta, ta hau da shi dandamali, ta kuma biya shi. Ba a jima ba ya bar gida bayan saɓani da mahaifinsa, ya bi masu tallar magani gari-gari yana tara musu jama'a da waƙa, daga nan ya faɗa ayarin 'yan wasan yawo da gidajen rawa na baƙaƙen fata. A Atlanta ya haɗu da mawaƙi Billy Wright, ya kwaikwayi tulin gashinsa da hodar fuskarsa. Wani makaɗi da ake kira Esquerita kuma ya nuna masa yadda ake dukan fiyano kamar ana faɗa da ita.

Ta hanyar Billy Wright ɗin ne ya samu shiga RCA a 1951. Idan kuka saurari abin da ya ɗauka a can za ku ji yaro mai murya mai kyau, mai ladabi, yana bin sawun manya irin su Roy Brown da Wright ɗin kansa. Babu aibu a ciki, amma babu abin da zai sa ka tambayi wane ne wannan. A Fabrairu 1952 aka harbe mahaifinsa har lahira a ƙofar gidan rawarsa, nauyin gida ya dawo kan Richard, ya kama wankin kwanuka a tashar motocin Greyhound ta Macon. A 1953 ya koma kamfanin Peacock na Houston, wajen Don Robey, nan ma ba ta canza zani ba, har ma Richard ya sha faɗin cewa da ya tayar da maganar kuɗi, duka ya sha.

Amma a daidai lokacin, duk wanda ya gan shi a gidan rawa da dare ya san akwai wani Richard daban. Wannan yana hawa kan fiyano, yana kurma ihu, yana sa mata su tashi tsaye. Mutum ɗaya, waƙa iri biyu: ɗaya ta dandali, ɗaya ta gaban makirufo. Mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa ganin makaɗi a gidan biki, ana liƙa masa kuɗi, 'yan amshi na ɗaga shi, sannan ya ji shi a ɗakin gidan rediyo an rufe ƙofa an kunna jar fitila, ya san rabin mutumin a waje aka baro shi.

Yanzu mu je Los Angeles. Art Rupe, mai kamfanin Specialty, Bature ne da ya shiga harkar faifan baƙaƙen fata da lissafi. Tun kafin ya kafa kamfani ya sayi faya-fayai na dala ɗari biyu, ya zauna da agogon awon lokaci yana auna tsawonsu da saurin kiɗansu, yana neman sirrin wanda ke sayuwa da wanda ke kwantai. Yana da manyan mawaƙan coci, ciki har da Soul Stirrers da Sam Cooke ke ja wa baki. A 1952 ya ci kasuwa da waƙar Lloyd Price, "Lawdy Miss Clawdy", sai kuma aka ɗauke Price aikin soja. A farkon 1955 Ray Charles ya girgiza kasuwa a kamfanin Atlantic da salon da ya haɗa muryar coci da waƙar duniya, Rupe kuwa ya shiga neman nasa irin. Lloyd Price ne ya ba Richard shawarar ya aika wa Specialty da tef. Ya aika a Fabrairu 1955. Wanda ya buɗe ƙunshin shi ne Robert Blackwell, da ake wa laƙabi da Bumps, furodusan kamfanin, mutumin Seattle wanda Ray Charles da Quincy Jones suka yi aiki a ƙungiyarsa suna samari. Ya ce takardar da aka naɗe tef ɗin sai ka ce an ci abinci a kanta. Tef ya kwanta wata da watanni, Richard na ta buga waya yana damun su. Ƙarshe Rupe ya ranta masa dala 600 ya fanshi kansa daga hannun Peacock, ya tura Blackwell New Orleans.

Ku lura da wannan: abin da suka ji a tef ɗin, bulus ne mai sanyi da ƙamshin coci. Shi suka saya, shi suka je ɗauka.

Sutudiyon J&M da aka yi zaman a cikinsa, a lokacin yana kusurwar titin Rampart da Dumaine, a bayan shagon kayan lantarki da faya-fayai. Mai shi Cosimo Matassa, ɗan asalin Italiya, shi ne injiniyan. Ɗakin bai wuce ƙafa goma sha biyar zuwa sha shida kowace kusurwa ba, kuma a cikinsa za a cusa fiyano, ganguna, masu busa, mawaƙi. A nan Fats Domino ya ɗauki "The Fat Man" a 1949. Ba irin aikin yau ba ne da ake ɗaukar ganga yau, murya gobe, a gyara kuskure a kwamfuta jibi. Kowa a lokaci guda yake yi, sautin duka ya zuba a layi ɗaya na tef. Idan wani ya yi ƙara da yawa, a ja shi baya daga makirufo. Idan ɗaya ya kuskure a ƙarshen waƙa, kowa ya koma farko. Ƙa'idar ƙungiyar makaɗa kuma ita ce zama ɗaya awa uku, waƙa huɗu, abin da ya haura sai an ƙara kuɗi, Rupe kuwa ba ya wasa da kuɗi.

Makaɗan da Blackwell ya tara su ne gwanayen birnin, yawancinsu su ke bayan faya-fayan Fats Domino: Earl Palmer a ganga, Lee Allen da Alvin Tyler, da ake kira Red, a saksofon, Frank Fields a bes, Justin Adams a jita, Huey Smith a fiyano. Mutane ne da suka ƙoshi da kiɗan jaz, suna da ji da kansu. Sai ga wani yaro daga Jojiya ya shigo da gashi a tsaye kamar tsauni, da riga mai ɗaukar ido, da hoda a fuska.

Bari in tuna muku wane lokaci ne wannan a kudancin Amurka. Mako biyu da 'yan kwanaki kafin zaman, ranar 28 ga Agusta, aka kashe Emmett Till, yaro baƙi ɗan shekara goma sha huɗu, a Mississippi da ke maƙwabtaka. Ranar 19 ga Satumba aka fara shari'ar waɗanda suka kashe shi, aka kuma sallame su. Rosa Parks ba ta ƙi tashi daga kujerar bas ba sai 1 ga Disamba. A New Orleans hatta ƙungiyar makaɗa biyu ce, ta farare daban, ta baƙaƙe daban. Baƙin saurayi da ya taso a irin wannan ƙasa, tun yana yaro ake koya masa ya sassauta murya idan ya shiga wurin da ba nasa ba. A ganina wannan na cikin abin da ya riƙe wa Richard wuya a sutudiyo, ko da babu wanda ya ce masa ya yi shiru.

Ranar farko da safiyar ta biyu an ɗauki waƙoƙi da dama, ciki har da "Kansas City" da "Directly from My Heart" da "I'm Just a Lonely Guy". Aiki mai tsabta, amma Blackwell ya san idan wannan ya kai wa Rupe, kuɗin jirgi ma ba za su fito ba. Mawaƙin ya takure, shigarsa ta fi muryarsa ƙara. Da abin ya ishe shi sai ya ce a tafi hutu, suka nufi Dew Drop Inn a titin LaSalle, wurin Frank Painia, wanda otal ne, gidan abinci ne, kuma matattarar makaɗan baƙaƙe.

A can akwai fiyano, akwai kuma 'yan zaman kashe rana. Richard na ganin idanu a kansa ya zama wani mutum. Ya faɗa wa fiyanon, ya ɓarke da wata waƙa da ya daɗe yana yi a gidajen rawa, wadda bai taɓa kawo wa ransa cewa abin sa wa a faifai ba ce. Yana da hujja: baitocin batsa ce tsagwaronta, babu gidan rediyon da zai taɓa ta. Blackwell ya ji abin da ya kwana biyu yana nema.

A nan nake so mu tsaya kaɗan, domin ana yawan ba da labarin nan kamar tsuntsu ne daga sama gasasshe. Sa'a ta taka rawa, ban musa ba. Amma mutum nawa ne suka ji Richard yana wannan waƙa a Macon da Atlanta da sauran garuruwa, suka yi dariya suka wuce? Blackwell an aiko shi ne ya samo wani Ray Charles. Da ya ji abin da bai yi kama da Ray Charles ko kaɗan ba, ya iya ajiye saƙon maigidansa ya bi kunnensa. Wannan ita ce sana'ar furodusa, kuma ba kowa Allah ya ba ba. Ya kuma raba abu biyu da mai waƙar kansa ya kasa rabawa: ya gane cewa ƙarfin waƙar yana cikin kiɗa da murya, kalmomin kuwa ana iya cire su a sa wasu.

Akwai wata matashiya marubuciyar waƙa a birnin, Dorothy LaBostrie, wadda ita ta rubuta "I'm Just a Lonely Guy". Blackwell ya sa ta sake baitocin. Kamar yadda ya ba da labari, Richard, wannan da ba ya jin kunyar kowa a dandali, ya ƙi rera batsar a gaban mace, ita ma ta ƙi saurara. Sai da Blackwell ya lallashe su, ya sa Richard ya juya fuska ga bango ya rera ta sau biyu ko uku. Ta koma gefe da takarda. Aka ci gaba da ɗaukar wasu waƙoƙi, sai da ya rage minti goma sha biyar lokaci ya cika ta miƙo sababbin baitoci, 'yan layuka marasa nauyi a kan 'yan mata biyu. Richard ya ce muryarsa ta dishe. Blackwell bai saurare shi ba. Babu lokacin koya wa Huey Smith, don haka Richard da kansa ya zauna a fiyano, aka matso masa da makirufo. Sau uku aka ɗauka, aka tashi.

Adalci ne in faɗa muku cewa LaBostrie ba ta yarda da wannan labari ba. A hirar da aka yi da ita shekaru bayan haka ta ce ita ta ƙirƙiri waƙar tun daga tushe, ba gyara ta yi ba. Richard da Blackwell sun tsaya a kan nasu. Sunanta dai yana kan faifan a jerin marubuta.

To me ke cikin faifan? Bai kai minti biyu da rabi ba. Yana buɗewa da murya tsirara, babu ganga babu fiyano, wasu gaɓoɓi marasa ma'ana da ke kwaikwayon bugun ganga, sannan kowa ya afko a tare. Ginin waƙar tsohon ginin bulus ne da kowane makaɗi a ɗakin ya sani tun yana yaro. Sabon abu shi ne yadda aka hau shi. Muryar ta fi ƙarfin makirufo, kana jin tana tsagewa, kuma ba a gyara ba. Akwai wata siririyar ƙara da yake cillawa sama, wadda shi da bakinsa ya ce wajen mawaƙiyar coci Marion Williams ya ɗauko. Kafin Lee Allen ya shigo da saksofon kuma sai Richard ya kurma ihu, kamar mai buɗe masa ƙofa da ƙafa.

Amma abin da ya fi muhimmanci ga ɗaliban kiɗa yana ƙasa da murya. Kiɗan bulus da jaz na wancan zamani tafiyarsa dogo da gajere ce, dogo da gajere, mai ɗan rangaji. Hannun daman Richard kuwa yana sara fiyano daidai wa daida, takwas a kowane awo, babu dogo babu gajere. A "Tutti Frutti" Earl Palmer yana nan a kan tsohuwar tafiya, Richard yana kan sabuwa, su biyun suna gugar juna. Palmer da kansa ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa idan ya saurari faifan yana jin ya kamata a ce ya bi hannun Richard. A zaman da suka biyo baya ya bi ɗin, ya miƙe bugunsa, yana ƙarfafa na biyu da na huɗu. Ku saurari "Lucille", wadda aka ɗauka a 1956, za ku ji aikin ya kammala. Wannan miƙaƙƙen bugu shi ne kiɗan rok ya hau kai tun daga lokacin. Gwanin ganga da ya fi kowa a birnin ne ya sauko ya koya daga yaron nan na Jojiya.

Faifan ya fito a Oktoba 1955, ya hau har mataki na biyu a jadawalin Billboard na kiɗan baƙaƙe, ya kuma tsallaka jadawalin gama-gari. Nan take aka yi abin da aka saba. Pat Boone, farin saurayi mai tsabtar fuska a kamfanin Dot, ya sake rera ta a sanyaye, gidajen rediyon farare suka rungume ta, ta kai mataki na 12 a jadawalin gama-gari, ta wuce ta mai ita. Richard ya sha yin ba'a da cewa yaran farare suna ajiye faifan Boone a kan tebur don iyaye su gani, nasa kuma a cikin aljihun tebur. A Fabrairu 1956 suka koma J&M suka ɗauki "Long Tall Sally", Blackwell ya yi ta ƙara mata sauri da nufin bakin Boone ya kasa bi. Boone bai fasa ba, ya yi tasa ta kai na 8, amma wannan karon ta Richard ta kai na 6, ta kuma zama ta ɗaya a jadawalin baƙaƙe. Elvis Presley ya sa "Tutti Frutti" a kundinsa na farko a 1956. A 1962 Beatles, ba su yi suna ba tukuna, su ke share masa fage a Ingila da Hamburg na Jamus. James Brown, wanda ya zo Najeriya a 1970, a Macon ya fara tashe, har ya riƙa cike gurbin Richard a wasannin da ya bari.

Sai maganar kuɗi, inda aka yi kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Richard ya sayar wa kamfanin ɗab'in Rupe haƙƙin mallakar waƙar a kan dala 50. Yarjejeniyarsa ta faifai kuma rabin santi ce a kan kowane faifai da aka sayar. Ku yi lissafi: faifai miliyan ɗaya, dala dubu biyar. Duk lokacin da Boone ko Elvis suka rera ta, kason mai ɗab'i aljihun Rupe yake shiga. Palmer da Allen da sauran makaɗa kuɗin zama kawai aka ba su, suka tafi gida. Ba na cikin masu mayar da Rupe dodo. Ya san inganci, ya zuba kuɗinsa a kan yaron da kamfani biyu suka gaza da shi, kuma irin wannan yarjejeniya ita ce ruwan dare a lokacin. Amma kasancewar zalunci ruwan dare bai mayar da shi adalci ba. Mai wankin kwanuka da ke ciyar da uwa da ƙanne, idan aka ajiye masa takarda da alƙalami, ba ciniki ake yi da shi ba. Ɗalibanmu da ke shiga sutudiyo a Kano da Kaduna da Jos, ku karanta abin da kuke sa wa hannu, ku tambayi wa zai mallaki waƙar bayan shekara ashirin.

Duk manyan waƙoƙinsa, "Rip It Up", "Lucille", "Keep A-Knockin'", "Good Golly, Miss Molly", cikin shekara biyu aka ɗauke su. A Oktoba 1957, yana tsakiyar rangadi a Ostireliya, ya ce ya bar waƙar duniya, ya shiga kwalejin Oakwood a Alabama karatun addini. A 1959 ya yi ƙarar Specialty a kan kuɗinsa, aka sasanta a dala 11,000. A 1984 ya sake shigar da ƙara yana neman dala miliyan 112, aka daidaita a wajen kotu a 1986, shekarar da aka sa shi cikin rukunin farko na zauren girmama gwanayen rok an rol. A 2010 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa "Tutti Frutti" a jerin faya-fayan da ake adanawa saboda tarihi. Ya rasu ranar 9 ga Mayu 2020, Rupe kuma ya bi shi a 2022 yana da shekara 104.

Yanzu za a kunna mana faifai uku a jere: ɗaya daga cikin na RCA, sai "Tutti Frutti", sai "Lucille". A na farko ku bi muryar. A sauran biyun ina roƙon ku yi ƙoƙari ku manta da ita, duk da na san da wuya, ku sa kunne a kan gangar Earl Palmer da hannun dama na mai fiyano. Bayan nan sai mu karɓi tambayoyi.